Yadda Libarba Ta Koma Cin Harsashin Fistol: Nazarin Sababi da Sakamako

Duk wanda ya bibiyi tarihin ƙananan bindigogi da natsuwa, tun daga shekarar 1836 da Samuel Colt na Amurka ya yi rajistar fasahar bindigarsa mai ganga mai juyawa, wadda muka sani da libarba, har zuwa wannan zamani da fistol mai ɗura kanta ta yi kaka-gida a ƙugun soja da ɗan sanda a kusan kowace ƙasa, zai ci karo da wani al'amari da bai kamata mai hankali ya wuce shi ba tare da tadabburi ba, wato yadda maƙera, maimakon su bar tsohuwar bindiga ta shuɗe tare da tsohon harsashinta, sai suka koya mata cin harsashin wadda ta gaje ta. A yau akwai libarba mai cin harsashin milimita 9, akwai mai cin .45 ACP, akwai ta milimita 10 da ta .40 S&W, alhali kuwa babu ko ɗaya cikin waɗannan harsasai da aka tsara da niyyar ya shiga ganga. Kamfanoni irin su Smith & Wesson da Ruger da Taurus da Charter Arms duk sun fitar da irin wannan haja. Abin da nake son tabbatarwa a wannan nazari shi ne, harsashi ne ya yanke hukunci a cikin wannan lamari, bindiga kuma ta bi, domin abin da ya fi yawa a rumbun gwamnati da kantin ɗan kasuwa shi ke gaya wa maƙeri faɗin ramin da zai huda.

Amma kafin a kai ga sababi, wajibi ne a san inda mushkilar take, don wanda bai san ta ba ba zai ga girman dabarar da aka yi mata ba. Harsashin libarba na asali yana da leɓe a gindinsa, wani ɗan zobe da ya fi jikin kwanson faɗi, kuma wannan leɓe aiki biyu yake yi: shi ke tsayar da harsashi a bakin raminsa don kada ya zurma ciki sa'ad da allura ta sari hularsa, shi ne kuma abin da tauraron ganga, wato ƙarfen nan mai siffar tauraro da ke tsakiyar bayanta, ke kamawa ya turo kwansuna duka waje a lokaci guda idan aka danna sandar fitarwa. Harsashin fistol kuwa da gangan aka hana shi wannan leɓe, aka yi masa tsagi a madadinsa, saboda a cikin magazin harsasai kwance suke ɗaya bisa ɗaya, leɓe kuwa yakan harɗe da na ɗan'uwansa ya hana su zamewa. Tsagin nan shi ƙugiyar fistol ke cafka ta fizgo kwanso ta yar. To, idan aka zura irin wannan harsashi a ganga, sai ya zama tamkar masa a ramin tanda babu cokalin juyi a hannu: ya shiga lafiya, ya zauna daram, amma babu ta inda za a kama shi a ɗago.

Yaƙi ne ya fara tilasta wa mutane neman mafita. A ƙarshen ƙarni na 19 sojan Amurka yana riƙe da libarba mai harsashin .38 Long Colt, sai faɗan da aka yi a tsibiran Filifin, musamman da mayaƙan Moro na kudanci, waɗanda Musulmi ne masu kare ƙasarsu, ya nuna wa hafsoshi cewa wannan harsashi ba ya tsayar da mutumin da ya taho da zuciya ɗaya. Bayan gwaje-gwajen da aka yi a 1904 hukumar soja ta tsaya a kan cewa ba ta son abin da faɗinsa ya gaza inci .45, John Moses Browning ya tsara harsashin .45 ACP tare da fistol ɗin da za ta ci shi, aka amince da ita a 1911, shekarar da ta zama sunanta har yau. Shekara shida bayan haka, a watan Afrilun 1917, Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar da ba ta wuce ɗaruruwan dubbai kaɗan ba ta kumbura har ta tasam ma miliyan huɗu kafin a ajiye makamai, masana'antun da ke ƙera fistol kuwa suka kasa biyan buƙata. A daidai wannan lokaci kamfanin Colt a garin Hartford yana da injuna da ma'aikatan da hannunsu ya faɗa a ƙera babbar libarbarsa New Service, Smith & Wesson kuma a garin Springfield bai daɗe da kammala wa Ingila kwangilar dubban libarba masu harsashin .455 ba. Bindiga za ta samu ke nan cikin gaggawa, in dai an yarda da libarba. Abin da hafsoshin ɗawainiyar kaya suka ƙi yarda da shi, kuma suna da gaskiya, shi ne a tsallaka teku da harsashin ƙaramar bindiga iri biyu, a dinga rarrabe akwatuna cikin taɓon ramukan Faransa, har wata rana a kai wa mai fistol abin da bindigarsa ba ta ci, alhali rayuwarsa a kan haka ta rataya.

Mafitar da Smith & Wesson ya kawo ba ta cika ido ba ko kaɗan: ɗan faifan ƙarfe ne siriri mai siffar rabin wata, an yanka masa baki uku, kowane baki ya shige tsagin harsashi ɗaya ya riƙe shi gam. Soja zai tura maɓalli ganga ta faɗo gefen hagu, ya ɗauki faifai ɗaya mai harsashi uku ya zura, ya ɗauki na biyu ya zura, ya mayar da ganga ta kulle. In ya gama harbi ya ɗaga bakin bindiga sama ya danna sanda, tauraro ya turo faifan biyu, kwansuna shida su zube a ƙasa suna haɗe uku-uku. Faifan nan ya zama wa harsashi leɓen aro. Hukumar soja ta nemi kamfanin da ya bar Colt ya yi aiki da dabarar ba tare da biyan ko kwabo ba, ya kuwa yarda, aka ba bindigogin kamfanonin biyu suna ɗaya, M1917, kowannensu ya ƙera kimanin 150,000. Akwai wani ɗan bambanci tsakaninsu da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda tsinkaye ke raba maƙeri da maƙeri. Smith & Wesson ya bar wani ɗan tudu a cikin kowane rami, daidai inda bakin kwanso zai tokara, ta yadda ko faifai ya ɓace bindiga za ta tashi, illa iyaka sai soja ya nemi fensir ko tsinke ya zunguro kwansuna ɗaya bayan ɗaya. Na farkon da Colt ya fitar ba su da wannan tudu, in babu faifai harsashi zurmawa yake yi ciki allura ta kasa kai masa, sai daga baya aka gyara.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida game da larura, cewa tana buɗe ƙofar da ke rufe, amma gwargwadon buƙata, kuma da zarar uzuri ya gushe sai hukunci ya koma asalinsa. In da an bi wannan ƙiyasi, da M1917 ta ɓace ranar da aka yi sulhu a 1918, da kuma ba a sake jin labarin faifan rabin wata ba. Har an ɗauki hanyar hakan, domin a 1920 kamfanin harsasai na Peters ya fitar da .45 Auto Rim, wanda shi ne dai .45 ACP amma an yi masa leɓe mai kauri da ya cike gurbin faifai, saboda tarin bindigogin rarar yaƙi da suka shiga hannun farar hula. Sai dai ƙofar ba ta rufu ba. A 1937 ƙasar Brazil ta sayi 25,000 daga Smith & Wesson, a Yaƙin Duniya na Biyu aka sake fito da tsofaffin daga ma'ajiya aka raba wa 'yan sandan soja da rundunonin bayan fage, a 1955 kuma kamfanin ya ƙera wa masu gasar saiti wata sabuwa, wadda daga baya aka kira samfuri na 25. Rangwamen larura ya zama al'ada, kuma tambayar da wannan nazari ya tsaya a kanta ita ce me ya sa.

Dalili na farko shi ne, a cikin neman maganin wata cuta aka yi tuntuɓe da maganin wata wadda ta fi ta daɗewa. Babban aibin libarba tun fil azal shi ne jinkirin ɗuri: mai fistol ya zare magazin ya cusa wani, mai libarba kuwa yana ta lissafa harsasai da yatsa. Da maƙera suka haɗe rabi biyu suka yi faifai ɗaya mai siffar cikakken wata, wanda ke riƙe harsasai shida a zagaye, sai aka ga ashe babu wata hanya ta ɗura ganga da ta kai wannan sauri. Kuma siffar harsashin fistol kanta ta taimaka, domin kwanson .45 ACP bai kai milimita 23 ba, alhali na .357 Magnum, harsashin libarba na asali, ya kusa 33. Gajere ne, mai kauri, mai mulmulallen kai, ramukan ganga kuma faffaɗa, saboda haka in aka saki faifai a saman ganga kusan da kansa yake neman hanya ya faɗa, kuma wajen fita babu kwanso ɗaya da zai maƙale a ƙarƙashin tauraro tunda duk a haɗe suke. A 1999 Jerry Miculek, ɗan gasar harbi na Amurka, ya yi abin da ya sa duniyar 'yan bindiga ta riƙe baki: da Smith & Wesson samfuri na 625, mai cin .45 ACP, ya harba shida, ya sake ɗuri, ya harba wasu shida, duka cikin daƙiƙa 2.99. Daga nan masu gasa suka zama ginshiƙin wannan kasuwa, kuma a nan ma ana iya ganin yadda doka ke juya akalar maƙera, domin a 2014, da ƙungiyar gasar harbi ta USPSA ta yarda da libarba mai harsashi takwas a rukuninta, a shekarar ce Smith & Wesson ya fito da samfuri na 929, mai cin milimita 9 guda takwas, aka ga 'yan gasa suna ajiye masu shida.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya rinjayi sauran duka, shi ne sarautar da harsashin milimita 9 ya samu. Georg Luger ne ya tsara shi a Jamus a farkon ƙarni na 20, ya ratsa yaƙe-yaƙen duniya biyu a cikin fistol da ƙananan bindigogi masu aman wuta, ƙungiyar tsaro ta NATO ta mai da shi ma'auninta, sojan Amurka kansa ya ajiye .45 a 1985 ya ɗauki fistol ɗin Beretta mai cin milimita 9, a cikin shekarun 1980 da 1990 kuma rundunonin 'yan sandan Amurka, waɗanda suka shafe fiye da rabin ƙarni suna rataye da libarba mai .38 Special, suka koma fistol ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake ƙerawa da yawa shi ke araha, wannan sananne ne ga kowane ɗan kasuwa. Da gwamnatoci suka daina sayen .38 Special da yawa, sai tsohon harsashin da ya kasance ruwan dare ya koma na masu sha'awa, farashinsa ya ɗara na milimita 9, kuma binciken da kamfanoni ke kashe wa kuɗi don inganta kan harsashi ya karkata wajen wanda gwamnati ke saya. Mutumin da ke son libarba saboda sauƙin sha'aninta, ko saboda hannunsa ya yi rauni ba ya iya ja da murfin fistol baya, ko don kawai yana da fistol a gida ba ya son ajiye harsashi iri biyu, sai ya ga hujjar hafsoshin 1917 ta zama hujjarsa, sai dai su jirgin ruwa suke tattali, shi kuwa aljihu.

Akwai na uku, wanda ya shafi kimiyyar abin. An haifi .38 Special a ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin baƙin albarushi mai cin wuri, shi ya sa kwansonsa dogo ne, kimanin milimita 29, kuma ma'aunin masana'antun Amurka ya tsayar da matsinsa a fam 17,000 a kan kowane inci murabba'i. Milimita 9 kuwa ɗan zamanin albarushi marar hayaƙi ne, kwansonsa milimita 19, matsinsa fam 35,000, daidai da na .357 Magnum. Sakamakon haka, a ƙaramar libarba mai bututun inci biyu, wadda ake sawa a aljihu, milimita 9 yana fita da gudun da ya fi na .38 Special, ba tare da ƙara da walƙiyar da Magnum ke yi ba, gajeren kwansonsa kuma yana fita tas ko da sandar fitarwa gajera ce. Wannan ne ya haifi samfuri na 940 na Smith & Wesson a 1991 da LCR ta Ruger mai milimita 9 a 2014. Shi kuwa milimita 10 ta wata ƙofa ya shigo: bayan artabun Miami na Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an hukumar bincike ta Amurka, FBI, biyu, hukumar ta nemi harsashi mai ƙarfi ta ɗauke shi, a 1990 kuma aka ƙera masa libarba samfuri na 610, wadda, da yake faifai ne ke riƙe harsashi, tana cin .40 S&W ma, ƙanensa mai gajeren kwanso.

Ba kowane maƙeri ne ya gamsu da faifai ba, kuma tarihin waɗanda suka nemi kauce masa yana da darasi. A 1980 Smith & Wesson ya fito da samfuri na 547, wanda aka sa wa sandar fitarwarsa ƙananan harsunan ƙarfe masu tsalle guda shida da ke shigewa tsagin kwanso da kansu, aka kuma ƙara wata allura ta biyu mai tokare kwanso don kada ya ja baya, tunda kwanson milimita 9 ɗan tsukakke ne ta gaba. Gwaninta ce ta gaske, amma aikinta da yawa, kuɗinta da yawa, aka daina ta a 1985 bayan an ƙera kimanin dubu goma. Charter Arms ya bi wata hanya a 1989, ya haɗa kai da kamfanin Federal aka yi milimita 9 mai leɓe, irin abin da Peters ya yi wa .45, sai aka lura cewa wannan harsashi mai matsi mai tsanani yana iya shiga tsofaffin libarba masu karyewa ta sama da aka yi domin .38 S&W mai rauni, ba a daɗe ba aka daina shi. Wanda ya fi kowa samun sauƙi shi ne Ruger da bindigarsa Blackhawk, domin ita irin ta kaboyi ce, sanda ce ke zunguro kwanso ɗaya-ɗaya ta gaba, ba ruwanta da leɓe, saboda haka ana sayar da ita da ganga biyu, ɗaya ta .357 ɗaya ta milimita 9, ko ɗaya ta .45 Colt ɗaya ta .45 ACP. Abin lura shi ne, bayan duk wannan ijtihadi, ɗan faifan 1917 shi ya wanzu a hannun galibin mutane, domin shi kaɗai ne ya ba da fa'ida a kan gyaran da ya yi. Sauran sun kawar da mushkila ne kawai, shi kuwa ya ƙara da sauri.

Yanzu sai mu juya ga mafsada, don adalci bai yarda a lissafa riba a ɓoye hasara ba. Ta farko ita ce, libarba ta shahara ne da rashin dogaro da wani abu a wajenta, ba ta da magazin da zai ɓace ko ya lalace, to ga shi an ɗaura mata wani ƙarfe wanda in ya ɗan lanƙwashe a aljihu, ko an taka shi a filin gasa, sai ya goga da bangon bindiga ganga ta yi nauyin juyawa, ko allura ta yi sara marar ƙarfi harsashi ya ƙi tashi. Ɗura faifan da cire masa kwansuna aiki ne mai cin yatsu, har sai da aka ƙera masa kayan aiki na musamman, kuma ba a iya cire kwanso biyu a cike gurbinsu kamar yadda ake yi da harsashi mai leɓe. In za a fitar, duka ake fitarwa.

Ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, ta kuma fi hatsari. Harsashin libarba ana naɗe bakin kwansonsa ciki ya cije kan dalma, saboda duk lokacin da bindiga ta yi shuri, harsasan da ba a harba ba tukuna suna fizguwa baya tare da ganga, alhali nauyin dalma yana so ya tsaya inda yake. Harsashin fistol ba a iya yi masa wannan naɗi, tunda da bakin kwanso yake tokarawa a cikin bututu, matse shi kawai ake yi. A babbar libarba mai nauyi wannan ba ya damun kowa. Amma a ƙarama wadda ba ta wuce rabin kilo ba, mai shuri kamar ta ƙwace daga hannu, dalmar harsashi na huɗu ko na biyar takan zamo gaba kaɗan-kaɗan da kowane harbi, har wani lokaci ta leƙo ta gaban ganga ta tokare bututu, bindiga ta cije gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi libarba don ba ta cijewa, ya kuma ɗora amincin ransa a kan haka, ya cancanci a gaya masa wannan a fili kafin ya biya kuɗi. Haka nan matsin milimita 9 ya tilasta Ruger gina LCR ɗinsa a kan jikin baƙin ƙarfe na Magnum maimakon na alminiyam na .38, saboda haka rashin nauyin da ake nema a ƙaramar bindiga ya ragu. A masu ganga biyu kuma, dalmar milimita 9 faɗinta inci .355 ne, bututun kuwa na .357 ne, ga doguwar tafiya a cikin rami kafin ta isa bututu, don haka saitinta bai cika kai na harsashin asali ba.

Amma mafi munin abin da wannan yayi ya haifar shi ne abin da aka yi wa Webley, babbar libarbar da hafsoshin Ingila suka yi ta ratayawa a ƙugu a yaƙe-yaƙensu da ƙasashen da suka mallaka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan kasuwa sun kwashi rararta zuwa Amurka da araha, da suka ga harsashin .455 yana wuyar samu a can, sai suka riƙa aske bayan gangarta don faifan wata da .45 ACP su shiga. Harsashin ya shiga kuwa, ya kuma tashi, sai dai Webley an gina ta ne domin matsin da bai kai fam 14,000 ba, jikinta kuma mai karyewa ta sama ne, riƙe da maƙulli ɗaya, alhali .45 ACP na yau da kullum yana kai fam 21,000. Ma'ana, duk harbi ɗaya tamkar gwajin ƙarfe ne ake yi a hannun mutum, kuma an sami gangunan da suka tsage. Wannan ba ijtihadi ba ne, ha'inci ne, domin mai askewa ya san ma'auni, mai saye kuwa bai sani ba, kuma har yau waɗannan bindigogi suna yawo daga hannu zuwa hannu, wanda ya gaje su bai san abin da aka yi musu ba.

Mai karatu a Nijeriya zai iya cewa wannan duk zancen wata ƙasa ne, kuma haka ne, domin dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, ni kuma ba na cikin masu fatan a sassauta wannan. Abin da ya shafe mu a ciki ɗaya ne: duk hukumar da za ta saya wa jami'anta bindiga, tambayar da ta kamata ta fara yi ita ce daga ina harsashin zai riƙa zuwa shekara ashirin masu zuwa, kuma duk mai son rage ta'asar makamai ya san cewa bindiga takan rayu shekara ɗari, harsashi kuwa ƙarewa yake yi sai an sake kawo wani.

In aka ɗora waɗannan a mizani, hukuncina shi ne yayin ya yi nasara a inda ya dace da shi, ya kuma gaza a inda aka yi masa zato mafi girma. A babbar libarba mai nauyi, ta gasa ko ta ajiya a gida, musamman mai cin .45 ACP wanda matsinsa sassauƙa ne, haɗin ya yi kyau har ya fi na asali ta fuskar sauri, kuma fiye da shekara ɗari na aiki sun shaida masa. A ƙaramar ta aljihu kuwa riba da hasara sun yi kusan kunnen doki, kuma .38 Special, duk da tsufansa, bai rasa hujja ba. Abin da yayin bai yi ba shi ne mayar da libarba ƙugun jami'in tsaro. An yi tsammanin in ta ci harsashin gwamnati gwamnati za ta riƙe ta, samfuri na 547 da gangar milimita 9 da kamfanin Manurhin na Faransa ya tanadar wa libarbarsa MR73 duk daga wannan tsammani suka fito. Amma ɗan sandan da aka ba zaɓi tsakanin harsashi shida a ganga da goma sha bakwai a magazin ɗin fistol ƙirar Glock, alhali harsashin iri ɗaya ne, ba ya buƙatar dogon tunani. Cin harsashin fistol ma sai ya ƙara tona ƙarancin libarba, tunda ya kawar da uzurin cewa nata ya fi ƙarfi.

Shekarar 2020 ta gwada hujjar araha kanta. Da annobar korona da tarzomar da ta biyo baya suka sa Amurkawa rububin sayen makamai, milimita 9 yana cikin waɗanda suka fara ɓacewa daga kantuna, farashinsa ya ninka, domin abin da kowa ke amfani da shi kowa ke wawasa. Sai dai da masana'antu suka ƙara ƙaimi, a kansa suka fara zuba ƙarfinsu, harsasan libarba na asali kuwa suka daɗe ba su dawo ba. Wanda ya fi kowa samun sauƙi a wannan tsakani shi ne mai bindigar da ba ta ɗaure shi da iri ɗaya ba, kuma ga alama nan ne maƙera suka dosa tun kafin annobar: a 2018 Taurus ya fito da samfuri na 692, libarba mai harsashi bakwai da ake sayarwa da ganga biyu a akwati ɗaya, ɗaya ta .357 Magnum da .38 Special, ɗaya ta milimita 9 da faifanta, mai ita ya danna maɓalli ya zare wannan ya sa waccan, gwargwadon abin da ya tarar a kanti ran nan.